Malamata ta rubuta mini “pompous” a gefen takarda: girman kai take nufi?

Ɗan Gumel a Ingila:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman taimakon masana Turanci a cikinmu, don abin ya tsaya mini a rai kwana uku ke nan. Digiri na biyu nake yi a nan Ingila, fannin noma, bincikena a kan adana wake bayan girbi ne. Na kai wa malamar da ke duba aikina babin farko, ta dawo mini da shi da gyare-gyare, to a gefen sakin layin ƙarshe sai na ga ta rubuta “This sounds a bit pompous.” Na duba ƙamus a waya, abin da na fahimta shi ne mai girman kai, mai ji da kansa. Wallahi jikina ya yi sanyi. Matar nan ban taɓa shiga ofishinta ban gaishe ta ba, ban taɓa kiran sunanta gatsal ba, duk da ita ta ce in riƙa kira. Ga jimlar da na rubuta: “It is the humble submission of this researcher that the aforementioned findings shall be of immense and unquantifiable benefit to humanity at large.” Kun ga har humble na sa a ciki. To ta ina girman kai ya shigo? Ranar Alhamis zan gan ta, ban san da wace fuska zan shiga ba.

Baban Walida:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kwantar da hankalinka ka sake karanta abin da ta rubuta. “This sounds” ta ce, ba “you are” ba. Jimlar ta kama, ba halinka ba. Na fi shekara ashirin ina koyar da Turanci a sakandare, kuma wannan kalma tana cikin waɗanda muke ɗauka da nauyin da masu harshen ba su ba ta ba. A bakin Bature, pompous shi ne mutum ko magana da ta sha rawani da alkyabba alhali kasuwa kawai za a je. An ɗauki ƙaramin abu an yi masa shigar hawan daba. Kai wake kake bincike a kai, amma jimlarka ta yi wa dukkan 'yan Adam alkawarin amfanin da ba ya ƙirguwa. Nan ne ta tsaya.

Abu Sumayya:
Malam, da girmanka, ban yarda ba. Yaro ya ƙasƙantar da kansa, ya ce humble, sannan a ce masa pompous? Wannan raini ne kawai. Su mutanen nan ladabinmu ba ya burge su, yaro ɗan shekara goma yana kiran sa'an kakansa da suna. Idan an ga wanda aka yi wa tarbiyya sai a nema masa suna.

Baban Walida:
Abu Sumayya, da raini take nufi da ba ta sa “a bit” ba, kuma da ba ta ɓata lokacinta tana bin aikinsa layi-layi ba. Kuma ka lura da humble ɗin nan. Wanda ya tashi a taro ya ce “ni bawan Allah mai rauni, wanda bai san komai ba”, sannan ya yi minti arba'in yana jero abin da ya yi wa gari, tawali'unsa na farko bai rage komai ba, ƙara wa abin nauyi ma ya yi. Ba na cewa haka Ɗan Gumel yake. Ina cewa haka jimlar ke sauka a kunnen mai harshen.

Mai Fassara:
Sannunku. Ni aikina fassara labarai ne daga Turanci zuwa Hausa a gidan rediyo, kuma wannan kalma ta taɓa hana ni sakat, shi ya sa na bi asalinta. Idan kun ji inda ta fito, rabin rigimar ya ƙare.

Tushenta Girkanci ne, pompe, wato jerin gwano na biki, daga aikatau da ke nufin aikawa ko rakiya. A tsohon birnin Atina har gini suke da shi a bakin ƙofar gari mai suna Pompeion, inda ake shirya jerin gwanon babban bikinsu na Panathenaia kafin a nufi tsaunin Akropolis. Romawa suka ara suka ce pompa: jerin gwanon da ake yi kafin wasanni, da na kai gawar babban mutum, da na sarkin yaƙi idan ya dawo da nasara. Daga Latin ta shiga Faransanci, daga can ta shiga Turanci wajen ƙarshen ƙarni na 14. Kuma a farko ba zagi ba ce tsantsa. Ana iya cewa biki ko fada pompous ne, ma'ana ƙasaitacce, mai kwarjini. Sannu a hankali wannan ma'ana ta ja baya, ta zagin ta ci gida, har yau in ka ce wa mutum pompous ba wanda zai ɗauka yabo ne. Amma kalmar pomp ɗin kanta, wato ƙasaitar biki, tana nan da mutuncinta: naɗin Sarki Charles a 2023 jaridunsu pomp suka yi ta kira, kuma ba suka suke yi ba.

To ku dubi ƙasaita a Hausa. Muna cewa an yi ƙasaitaccen biki, yabo ne. Muna kuma cewa wance sai ƙasaita take yi, kamar 'yar sarki, wannan kuwa ba yabo ba ne. Hanya ɗaya kalmomin biyu suka bi. Abin da ya dace da sarki ranar hawan Nasarawa, idan mai unguwa ya ɗauko shi ranar Talata don zai raba gardamar akuya, shi ne ake wa dariya.

Ɗan Damagaram:
Hajiya, Allah shi ƙara sani. Mu nan Nijar da muka yi lakwal da Faransanci kalmar ba baƙuwa ba ce gare mu. Ana cewa an yi abu “en grande pompe”, wato da gagarumin biki. Masu sana'ar shirya jana'iza a Faransa ma “pompes funèbres” ake ce musu har yau, daga wancan jerin gwanon kai gawa da kika faɗa. Kuma malaminmu na Faransanci in ka cika masa takarda da manyan kalmomi marasa aiki, da jan biro zai rubuta maka “style pompeux”. Ba wanda ya taɓa ɗauka an zagi halinsa, ka san dai maki ya tafi. Ɗan Gumel, abin da ya same ka ke nan, babu ƙari.

Anti Laraba:
Ni kuma bari in faɗi dalilin da ya sa ƙanenmu ya tsorata, don ba laifinsa ba ne. A Turancinmu na Najeriya pompous ta koma wani abu dabam. Lokacin da nake makarantar kwana a Filato, ni yarinya ce mai kunya, ba na iya shiga cikin hira, in an yi mini magana sai in sunkuyar da kai. Shekara guda cur 'yan ajinmu suna cewa “that girl is too pompous”. Na sha kuka a kan haka. A wurinmu duk wanda bai gaishe ka ba, ko ba ya shiga mutane, ko ya fi ka kaya, pompous ne. Sai da na girma na yi aiki da Turawa a asibiti na gane cewa su mai shiru ba sa ce masa haka. Aloof za su ce, ko stuck-up in suna ganin raini ne. Pompous a wurinsu mai yawan magana ne, mai jawabi inda gaisuwa ta isa.

Kuma mu Kirista akwai inda muke jin tushen kalmar da nauyi. A tsohon katikizim na cocin Angalikan, wanda ke cikin littafin addu'a na 1662, ana koya wa yaro cewa an yi alkawari a madadinsa zai rabu da Shaiɗan da ayyukansa da “the pomps and vanity of this wicked world”, wato ƙyale-ƙyalen duniya da holewarta. Ko a nan ma abin da ido ke gani ake nufi, ado da nuni.

Almajirin Malam:
Allah ya saka wa kowa. Ina so in taɓa ɓangaren da na ga shi ne ainihin abin da ke damun ɗan'uwanmu, don Bahaushe musulmi idan ya ji an ce masa mai girman kai, ba maganar rubutu yake ji ba, maganar lahira yake ji. Hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud da Muslim ya ruwaito ya ce wanda ke da kwatankwacin ƙwayar zarra na girman kai a zuciyarsa ba zai shiga Aljanna ba. Sai wani mutum ya ce, ai mutum yana son tufarsa ta yi kyau, takalminsa ya yi kyau. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah mai kyau ne, yana son kyau. Girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. To ga ma'auni. Ɗan Gumel, ka raina matar nan? Ka ƙi gyaran da ta yi maka? Kai da kake kwana uku ba barci kana binciken kanka? Wanda ke da wancan ciwon ba ya zuwa zaure ya tambaya. Abin da aka ce jimlarka ta yi ya fi kusa da tufa da takalmin nan: ka sa mata babbar riga ne inda ake son 'yar shara.

Ɗan Gumel a Ingila:
Allah ya gafarta Malam, wallahi ka taɓa wurin. Abin da ya hana ni barci ke nan. Na gode ƙwarai. Amma ina da sauran tambaya ga Baban Walida da Hajiya: in pompous ba girman kai ba ne, wace kalma ce girman kai a Turanci? Kuma ita pompous mece ce Hausarta?

Baban Walida:
Girman kan da Malam ya kawo, mai raina mutane da ƙin gaskiya, arrogant ne. Asalinta Latin, daga kalmar da ke nufin mutum ya nema wa kansa abin da ba a ba shi ba. In ana tsoron mutum ana kuma jin haushinsa, arrogant ne. In ana danne dariya yana magana, pompous ne. Wannan bambancin ka riƙe, ya fi duk wani ƙamus amfani. Haughty kuwa daga kalmar Faransanci mai nufin sama take, shi ne mai ɗaga hanci, mai shan ƙamshi. Supercilious daga sunan gira a Latin, mai kallon mutane a ɗage. Conceited mai jiji da kai ne, yana ganin ya fi kowa iyawa ko kyau, ko da bai wulaƙanta kowa ba. Mutum ɗaya yana iya haɗa biyu ko uku, amma ba abu ɗaya ba ne. Na san dattijo mai kirki, mai kyauta, ba ya raina yaro, amma in aka ba shi lasifika a ɗaurin aure don ya yi addu'ar minti biyu, sai ya fara da tarihin muƙaman da ya riƙe. Bature zai ce masa pompous, ba zai taɓa ce masa arrogant ba.

Mai Fassara:
Hausarta kuwa, ni fankama nake sawa in mutum ake nufi. Fankam-fankam ba shi ne kilishi ba, in ji masu magana: faɗi da yawa, nama kaɗan.

Ɗan Damagaram:
Hajiya, a nan kam zan ja da ke kaɗan. Mai fankama a kunnena mai nuna dukiya ne da cika baki, sabuwar mota, agogo, “ni ne wane”. Shi kuwa pompeux ba lallai ya yi kurin komai ba. Yana iya zama talakan akawu da keke. Abin da ke gare shi ɗaure fuska ne da jan magana, kamar kowace kalma tasa sai an rubuta ta a tarihi. Ni ƙasaitar da kika fara kawowa ta fi kwanta mini.

Mai Fassara:
Ka yi gaskiya a kan ɗaure fuskar, yana cikin ma'anar sosai, mutumin ba ya wasa da kansa ko kaɗan. Matsalata da ƙasaita ita ce mai sauraro zai iya ji kamar yabo ne in ban ƙara wani abu ba. In na ce “ya yi jawabi cikin ƙasaita”, rabin masu saurare za su ce madalla. Dole in ce ƙasaitar banza, ko in sake ginin jimlar gaba ɗaya: ya yi ta kumbura magana, ya yi ta jan zance kamar shi ne Waziri. In rubutu ne irin na Ɗan Gumel, sai in ce an cika masa ado, ko an kumbura shi. Kalma guda tak da ta rufe duka ban samu ba tukuna.

Gwaggon Amira:
Holoƙo hadarin kaka fa? Gari ya yi baƙi, iska ta taso, ba ɗigon ruwa.

Mai Fassara:
Gwaggo, wannan ya yi kyau a hira, kuma zan ajiye shi. Sai dai ya fi zafi. Holoƙo ba ruwa sam, shi kuwa pompous wani lokaci akwai ruwan, tulun ne ya fi ƙarfinsa.

Abu Sumayya:
Na ji duk bayananku, kuma na janye maganar raini. Amma har yanzu akwai abin da ke ci mini rai. Wa ya koya mana wannan Turancin? Mu muka ƙirƙiro shi? Tun muna firamare ake dukanmu a kan “I humbly beg to apply”. A gida wanda ya iya manyan kalmomi shi ake tafa wa, tun zamanin ɗan siyasar nan K. O. Mbadiwe da “timber and calibre” ɗinsa. Yanzu yaro ya haddace abin da aka ce masa shi ne daidai, ya haye teku, a ce masa ya kumbura magana. Wannan ba adalci ba ne.

Tsohon Akawu:
Ɗana, ni zan amsa maka, don ni na buga irin waɗannan wasiƙu da hannuna a tafireta, shekaru masu yawa a sakatariya. Gaskiyarka, su suka kawo shi. Wasiƙar gwamnati takan fara da “I am directed to refer to your letter”, ta ƙare da “I have the honour to be, Sir, your obedient servant”. Wanda ya sa hannu a ƙarƙashin “bawanka mai biyayya” shi ne zai ƙi ba ka abin da ka roƙa. Haka muka gada daga Turawan mulki, haka muka koya wa na bayanmu.

Abin da ya faru shi ne su sun yi yaƙi da shi a gidansu, mu labarin bai iso mana da wuri ba. A 1948 Baitulmalin Birtaniya ya sa wani tsohon babban ma'aikaci, Sir Ernest Gowers, ya rubuta wa ma'aikatan gwamnati ɗan littafi mai suna Plain Words, don su daina jibga wa talaka kalmomin da ba ya ganewa. A 1979 wata mata, Chrissie Maher, ta je dandalin da ke gaban majalisar dokoki a Landan ta yi ta yayyaga takardun cikewa na gwamnati a bainar jama'a, daga nan ƙungiyar Plain English Campaign ta tashi. Amurka ma a 2010 ta yi doka a kan hukumomin tarayya su riƙa rubuta wa jama'a da harshe mai sauƙi. Malamar Ɗan Gumel a cikin wannan ta tashi. Ta ga aforementioned ta ji kamar yadda kai za ka ji in ɗanka ya aiko maka saƙo a waya yana neman kuɗin makaranta ya fara da “Takarda ta fito daga hannun”.

Ni ban ji kunyar abin da muka rubuta ba, zamaninsa ne. Amma ba zan so jikana ya faɗi jarrabawa don biyayya gare shi ba.

Abu Sumayya:
Baba, na gode, ban san wannan tarihin ba. Abin da nake tsoro kawai kada yaranmu su dawo suna ganin “ranka ya daɗe” da durƙusa wa manya ma pompous ne.

Anti Laraba:
Ba zai zama ba, Abu Sumayya, don “ranka ya daɗe” wani kake ɗagawa. Inda za ka duba shi ne katin gayyata da mutum zai jera wa kansa Alhaji, Dakta, Injiniya, da sarauta biyu, kuma ya ƙi amsawa in an manta ɗaya. Wannan kam ko a Hausa muna da abin da muke ce masa.

Baban Walida:
Ƙanena, mu koma kan jimlarka don Alhamis na matsowa. Turanci yana da kalmomi hawa biyu tun bayan da Normawa masu jin Faransanci suka ci Ingila a 1066: na gida gajeru, da na fada da kotu dogaye. Buy da purchase, begin da commence, help da assist, live da reside. Dogayen ba haramun ba ne, amma in ka jera su biyar a jimla ɗaya sai ta fara tafiyar ƙasaita. Cire “humble submission”, cire “this researcher” ka ce I in sashenku ya yarda, cire “aforementioned” ka ce these. Sannan babban gyaran: wa binciken zai amfana a gaskiya? Ba humanity ba. Rubuta: “These findings may help cowpea farmers in Jigawa lose less grain in storage.” Wannan alkawari ne da za ka iya cikawa, kuma may ɗin nan, wato “mai yiwuwa”, ita ce tawali'un da suke ganewa. Kuma kada ka shiga kana ba ta haƙuri kamar ka yi mata laifi, za ta rasa gane me ya faru. Ka ce ka ga gyaran, ga yadda ka sake rubutawa.

Ɗan Gumel a Ingila:
Jama'a, na dawo daga wurinta yanzun nan. Na yi yadda Baban Walida ya ce. Ta karanta sabuwar jimlar ta ce haka take so, ta wuce zuwa maganar yawan buhunan da zan gwada, kamar ba a taɓa yin komai ba. Da za mu rabu na daure na gaya mata yadda na fahimci kalmar da farko, da abin da girman kai yake nufi a wurinmu. Ta yi shiru, ta ce sam ba ta san za ta yi mini wannan nauyin ba, kuma tana da wasu ɗalibai daga Afirka ta Yamma da ta taɓa rubuta wa haka, za ta riƙa yin bayani daga yanzu. Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, Baba Tsohon Akawu Allah ya ƙara lafiya. Yau da dare zan bi babi na biyu da wannan idon.

Mai Fassara:
Madalla. Ɗan Damagaram, ban manta da gardamarmu ba. Zan tambayi abokan aikina gobe a ɗakin labarai, akwai Basakkwace da Bakatsine a cikinsu, ko a bakinsu akwai kalmar da ta haɗa ɗaure fuskar da kumburin wuri guda. In an samu zan kawo nan.